Ta yaya zan zama mai bincike kan ciwon idon tsofaffi?

"Assalamu alaikum Likita. Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Jos, shekarata 4 ina aiki a sashen ido. Kakata ta makance a hannunmu, sai da ganin ya tafi sannan aka ce mana hawan jinin ido ne. Tun daga lokacin nake son shiga bincike kan abin da ke makantar da tsofaffi, amma ban san ta inda ake farawa ba. Shin sai likita ne yake bincike? Dole sai na fita waje karatu? Kuma me ake koya wa mutum kafin a kira shi mai bincike?"

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah Ya ba Kaka ladan wannan jarrabawa, ku kuma da kuke ɗawainiya da ita Ya saka muku da alheri. Tambayoyi uku kika haɗa. Biyun farko amsarsu gajeriya ce: ba sai likita ba, kuma ba dole sai kin haye jirgi ba. Ta ukun ita ce mai nauyi, a kanta zan daɗe, domin abin da ake koya wa mai binciken idon tsofaffi rabinsa a aji yake, rabinsa kuma a zaure da tsakar gida.

Abin da muka riga muka sani

Babban ma'aunin da muke dogara da shi har yau shi ne binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007, wanda Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta gudanar tare da ƙungiyar Sightsavers da masana daga Landan. An duba idon mutum sama da 13,500 masu shekara 40 zuwa sama, a dukkan shiyyoyin ƙasar nan. An samu kashi 4.2 cikin 100 makafi ne, wato in aka kwatanta da yawan jama'a a lokacin, mutum fiye da miliyan ɗaya. Arewa maso gabas ce ta fi kowa, da kashi 6.1, kudu maso yamma kuma kashi 2.8. Ki lura da yadda shekaru ke tafiya da abin: tsakanin 'yan shekara 40 zuwa 49 ba a kai mutum 1 cikin 100 ba, amma a cikin waɗanda suka kai 80, kusan mutum 1 cikin 4 ba ya gani. Kuma kashi 84 na wannan makanta irin wadda za a iya hanawa ce ko a magance ta.

Yanar ido ce ta ɗauki kaso mafi girma, kashi 43. Sai ciwon Kaka, hawan jinin ido, da kusan kashi 17. Sunan nan da muke kiransa da shi yana ruɗar mutane, don ba jini ba ne. Akwai wani ruwa da ido ke samarwa kullum yana kuma fitar da shi ta wata 'yar magudana. In magudanar ta toshe ko ta yi rauni, matsin ruwan yakan hau ya riƙa cin jijiyar gani a hankali, daga gefe zuwa tsakiya, mafi yawan lokuta babu zafi babu ja. Abin da ya ci ba ya dawowa. A wancan binciken, aikin da Farfesa Fatima Kyari ta jagoranci nazarinsa ya nuna mutum 5 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama suna da ciwon, amma cikin masu shi, kusan kashi 6 kaɗai suka san suna ɗauke da shi, kuma 1 cikin 5 ya riga ya makance. Saboda haka ki sauke nauyin da na ji a cikin wasiƙarki. Abin da ya same ku shi ne abin da ke samun mafi yawan gidaje.

Binciken ya kuma gano cewa cikin idanun da aka taɓa yi wa aikin yana, fiye da kashi 40 ba a asibiti aka yi ba. Masu aikin gargajiya ne suka tura yanar cikin ido da tsinke, kuma akasarin waɗannan idanu sun ƙare a makance.

To yanzu ki ƙirga shekarun. Saurayin da yake ɗan ashirin da 'yan kai lokacin da aka yi aikin, yau ya shiga sahun 'yan arba'in. Ciwon suga ya ƙaru a garuruwanmu, mutane sun ƙaru, tsofaffi sun ƙaru. Da alƙaluman da suka kusa shekara 20 muke tsara aikin yau. Wannan shi ne gurbin da irinku za ku cike.

Wa kika ƙirga, wa kika bari

In za a ce in zaɓi darasi ɗaya da ke raba mai bincike da mai tara takardu, wannan ne. Ni da kuskure na koye shi. A farkon aikina na kwashe katunan marasa lafiya na shekara biyu a wani asibiti da nake aiki, na ƙirga, na ga maza sun ninka mata a masu yanar ido. Na rubuta cewa ciwon ya fi kama maza, na kai wa malamina ina jin na gano wani abu. Ya karanta, ya ajiye, ya tambaye ni: wa yake riƙe da kuɗin mota a gidajen da mutanen nan suka fito? Ban ƙirga masu yana ba, na ƙirga waɗanda suka iya kawo kansu ne. Binciken ƙasa da ya shiga gida-gida ya nuna makanta ta fi yawa a mata, da waɗanda ba su yi karatun zamani ba.

Shi ya sa ake koya wa ɗalibi yadda ake zaɓar unguwanni da ƙauyuka ta hanyar ƙuri'a, ba don suna bakin titi ba, ba don mai unguwarsu abokinki ne ba. Akwai tsarin da ake kira RAAB, na saurin auna makantar da za a iya kauce mata, wanda ake duba 'yan shekara 50 zuwa sama kawai, rukuni-rukuni, tunda a nan mafi yawan makanta take. Yana da sauƙin kuɗi, ana iya gama jiha ɗaya cikin 'yan makonni, kuma ma'aikatan jinya na ido suna cikin ginshiƙan tawagarsa.

Amma ƙuri'a ba ta shiga ɗaki. Wata rana a wani ƙauye can ƙasan Filato, mun shiga wani gida, maigidan ya fito da tsofaffi biyu muka duba, ya ce shi ke nan. Muna haɗa kaya sai ma'aikaciyar jinyar da ke tare da mu ta hango igiya an ɗaura daga ƙofar wani ɗan ɗaki ta bi jikin danga har makewayi. Ba ta shanya ba ce, ta yi ƙasa da yawa, kuma ta yi sumul saboda shafar hannu. Ta tambayi matan gidan, wa ke bin igiyar nan? Suka ce Iya ce, ai ba ta gani, me za ku auna? Muka same ta zaune a kan tabarma, kwanon tuwonta a gefe an rufe da faifai. Shekara biyar ba ta fita ƙofar gida ba. Na haska mata tocila, ta nuna inda hasken yake ta kowane ɓangare. Yanar ido ce ta rufe ido biyun, irin wadda aikin da bai kai rabin sa'a ba yake cirewa. Ita kanta cewa ta yi tsufa ne, kuma ba ta son a ɓata kuɗin jikoki a kanta.

Mutanen gidan ba ƙarya suka yi mana ba, a ganinsu gwajin ido na mai ido ne. Da mun tafi, da takardarmu ta ce babu makaho a gidan. Ki ninka wannan a gida ɗari, ki ga irin rahoton da za a kai Abuja. Ba likita ne ya ga igiyar ba, 'yata, abokiyar aikinki ce. Akwai ɗakunan da ni namiji ba zan shiga ba, ke kuwa da sallama ɗaya kin shige.

Awo

Abu na biyu shi ne auna gani yadda in wani ya sake aunawa zai samu abin da kika samu. Kin san allon harafin E da ake juyawa, kin san tazarar mita 6, kin san cewa wanda idonsa mai dama-dama bai kai 3/60 ba, wato ba ya gani daga mita 3 abin da lafiyayyen ido ke gani daga mita 60, shi ake ƙirgawa makaho. A asibiti wannan ba wuya. A ƙauye kuwa sai kin duba inda rana take, ta haska allon, kada ta doki fuskar tsohon. Sai kin riƙa gwada igiyar awonki da tef, don igiya tana miƙewa tana kuma ƙanƙancewa, wani lokaci ma yaro ya ƙulle ta a tsakiya ba ki sani ba. Sai kin kori jikokin da ke tsaye a bayanki suna nuna wa Baba amsa da hannu. Dattijo mai mutunci ba ya son a ce ya kasa a gaban iyalinsa, zai ce yana gani, ya yi ta cinka. Wani kuma zai ce ba ya gani sam, don ya ji ana raba tabarau. Duk waɗannan ba laifinsu ba ne, aikinki ne ki tsara gwajin yadda ba za su shiga cikin lissafi ba.

Kafin tawaga ta fita, ana tara masu awo su duba mutane iri ɗaya, kowa shi kaɗai, sannan a gwada sakamakonsu da na ƙwararre. Wanda ya saɓa da yawa ya koma horo. Na taɓa mayar da likita mai shekaru a aiki, kuma ya gode daga baya.

Sai shekaru. Tsofaffinmu da yawa ba su da takardar haihuwa, kuma wadda ta ce miki tana da 60 tana iya zama 48 ko 75. Muna tafiya da jerin abubuwan tarihi. Kin yi wayo lokacin da aka samu 'yancin kai a 1960? Kina ina aka kashe Sardauna a 1966? An yi miki aure kafin yaƙin basasa ya ƙare a 1970, ko bayansa? Da fam da sule aka biya sadakinki ko da naira, wadda ta shigo a 1973? Ɗanki na fari ya zo kafin rasuwar Murtala a 1976? Ga 'yan cikin gari, gobarar babbar kasuwar Jos ta 2002 ma tana taimakawa wajen kwatanta shekarun 'ya'ya da jikoki. Hirar nan tana cin lokaci, amma tsofaffi suna jin daɗinta, kuma daga nan amana take farawa.

Tsoho ba ido kaɗai ba ne

Nan ne binciken tsofaffi ya bambanta da sauran binciken ido. Wanda ganinsa ya ragu shi ne ke faɗuwa ya karye a ƙugu. Shi ne ke ruɗa maganin hawan jini da na suga. Shi ne ke daina zuwa masallacin asuba ko majami'a, ya daina zuwa biki da gaisuwa, ya zauna shiru har a fara cewa ya ruɗe. A 2024 kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya saka raunin ganin da ba a magance ba cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin ciwon mantuwa. Akwai kuma yarinya ko yaron da aka cire daga makaranta don ya zama ɗan jagora. Don haka ki koyi auna ji, da ƙarfin tafiya, da tunani, da halin zuciya, ko ki haɗa kai da waɗanda suka iya.

Takardun tambayoyin da ake amfani da su wajen auna yadda raunin gani ke taɓa rayuwa, yawancinsu an tsara su ne a Turai da Amurka. Suna tambaya a kan tuƙin dare da karanta jarida. Kakarki abin da ya dame ta daban ne: tana iya zura zare a allura, tana iya tsince shinkafa, tana bambance naira 200 da 500, tana karanta Alƙur'aninta, tana gane jikanta kafin ya yi magana? Tsara irin waɗannan tambayoyi da Hausa, a gwada su a tabbatar suna auna abin da ake nufi, bincike ne cikakke mai zaman kansa, kuma ina ganin mai jinya ta fi ni dacewa da shi. A Filato ma Hausa ba ta isa ko'ina ba. Tsohuwar da ke Riyom ko Pankshin ko Langtang tana iya gaisawa da ke da Hausa, amma ciwonta da Berom ko Ngas ko Tarok za ta faɗe shi.

Izini da haƙƙi

Ba a fara bincike kan mutane sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, kuma asibitocin koyarwa irin su JUTH, na Jami'ar Jos, suna da nasu, ƙarƙashin kwamitin ƙasa da ke Abuja. Amma takardar kwamiti ba ita ce yardar tsohuwa ba. Wadda ba ta gani ba za ta karanta takardarki ba. Ki karanta mata da harshenta, a gaban shaidar da ta yarda da shi, ki gaya mata in ta ƙi babu abin da za ta rasa, sannan ta dangwala. Izinin mai unguwa da na maigida suna buɗe ƙofa ne kawai. In za ki ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido, ki faɗa cewa gani zai dushe na wasu sa'o'i, kada a bar mutum ya koma gida shi kaɗai, kuma kada ki sa aikin cikin azumi ba tare da kin yi shawara da mutanen gari ba.

Ƙa'idata, wadda ba na sassautawa: ba na ƙirga makaho in wuce. Kafin mu fita sai mun san inda za a tura wanda aka samu da yana, da wanda zai biya, da motar da za ta kai shi. Ƙauyen da aka auna aka watsar ba zai sake buɗe wa kowa ƙofa ba, kuma yana da gaskiya.

Hanyoyin da ke gabanki

In ba ki yi kwas ɗin jinyar ido na musamman ba, Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna tana da makarantarsa. Bayan digiri, digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma shi ne zai ba ki ilimin yaɗuwar cututtuka da lissafin alƙaluma, kuma ana yinsa a Jami'ar Jos. A Landan akwai kwas na shekara ɗaya kan lafiyar idon al'umma wanda masananmu da dama suka yi, yana da kyau ƙwarai, amma ki neme shi bayan kin taka ƙasa, lokacin da kike da tambayar kanki da za ki tafi da ita.

Kina zaune a garin da ya san wannan aiki. Ofishin Cibiyar Carter, ƙungiyar da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya kafa, yana nan Jos, kuma da rabon maganin Mectizan shekara da shekaru aka kai ga dakatar da rabon a Filato da Nasarawa a 2018, bayan gwaji ya nuna makantar rafi, wadda cizon ƙudan bakin rafi ke jawowa kuma maganin ke yaƙa, ta daina yaɗuwa. Aikin taswirar ciwon amodari na duniya da aka yi daga 2012 zuwa 2016 ya horar da ma'aikatan jinya da yawa a Arewa, masanan Jami'ar Jos kuma suna cikin jagororinsa a Najeriya. Ban da wannan, duk likitan da ke neman zama ƙwararre sai ya rubuta kundin bincike kafin jarrabawarsa ta ƙarshe, kuma kusan kowannensu yana neman mai taimaka masa. Ki shiga, amma ki ce a bar ki ki karanta tsarin binciken, ki zauna lokacin da ake nazarin alƙaluman, a kuma sa sunanki in aikinki ya kai. Mujallar Community Eye Health kyauta ce a intanet. Manhajar KoboToolbox ta tattara bayanai a waya da manhajar lissafi ta R su ma ba a biya.

Dole in faɗa miki iyakata. Ni likitan ido ne, in lissafi ya yi zurfi wajen masaninsa nake zuwa, kuma tun kafin a fara aiki nake zuwa, ba bayan an gama ba. Ba zan yi miki alkawarin kuɗi ba. Tallafin TETFund, asusun gwamnati na ilimi mai zurfi, na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, na waje kuma gasarsa da zafi. Akwai ƙauyukan da rashin tsaro ya hana mu shiga, kuma duk rahoton da ya tsallake su wajibi ne ya faɗi haka a fili, domin a irin wuraren ne tsoho makaho ya fi shan wuya.

Ki fara da abin da ke gabanki a sashenku, bayan kin samu izini. Ki ɗauki duk wanda aka gano yana da hawan jinin ido cikin shekara ɗaya, ki duba nawa ne suka dawo bayan wata 3, nawa bayan wata 6. Waɗanda ba su dawo ba ki neme su ki ji dalili: kuɗin maganin ɗigawa ne, ko nisa, ko tsoron tiyata, ko don sun ɗiga wata guda ganin bai ƙaru ba suka ɗauka maganin ba ya aiki, alhali ba wanda ya bayyana musu cewa aikinsa tsare abin da ya rage ne. Ko ki bi sakamakon aikin yana: a 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'aunin cewa aƙalla kashi 80 na idanun da aka yi wa aiki su kai 6/18, wato su gani daga mita 6 abin da lafiyayyen ido ke gani daga mita 18. Littafin rajista da waya da haƙuri sun isa wannan.

Kafin duk wannan, akwai aikin gida. Ciwon Kaka yana bin jini, kuma 'ya'ya da 'yan uwan mai shi sun fi kowa haɗari. Ki tattaro 'ya'yanta duka, da ƙannenta in suna raye, da duk wanda ya kai shekara 40 a zuriyar, a auna matsin idonsu a kuma duba jijiyar, ba allon karatu kaɗai ba, don mai ciwon yana iya karanta layin ƙarshe alhali gefen ganinsa ya tafi. Ke ma ki sa a duba ki. Ki rubuta mutum nawa kika gaya wa, nawa suka zo, da abin da waɗanda suka ƙi suka ce miki, ki kawo mini mu zauna a kai.